Tabon Walda a Gaban Goɗiya

Kai mai karanta wannan, ko jikana ne kai ko baƙon da ya buɗe akwatin da ba nasa ba, ka wanke hannunka tukuna, kuma ka karanta a jere. Kada ka tsallake zuwa ta ƙarshe. Wasiƙu ne tsakanina da ɗana na fari, wanda muke kira Injiniya. A shekarar nan yana aikin gina madatsar ruwa a cikin duwatsu, inda waya ba ta shiga, sai direban kaya ne ke kai takarda ya kawo amsa. Matarsa da 'ya'yansu biyu suna tare da ni a gidan gona. Goɗiya kuwa tarakta ce, ja, tsohuwa, wadda mahaifinsa ya bari. Shi ne ya raɗa mata sunan.

Da Injiniya ya dawo na karɓi wasiƙuna daga jakarsa na haɗa da nasa na ɗaure. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har wuraren da ba na son a gani. Idan ka ji ina faɗa a cikinsu, kada ka yi saurin ba ni gaskiya.

*

Ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke gaya mini idan damina ta matso, kuma ta fara magana. Yara suna zuwa makaranta. Babbar ta iya haɗa baƙi, ƙaramin ya iya ɓatar da takalmi.

Ka tuna bara rafi ya haura ya kwanta a gonar ƙasa kwana tara, muka tashi babu ko zangarniya ɗaya. Bana ba zan zauna ina kallo ba. Kawunka ya samo mana farantin ƙarfe daga wani gidan gona da aka rufe, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a gaba ta riƙa tura ƙasa. Faɗinsa ƙafa shida, mutum huɗu suka sauke shi suna nishi. Da shi nake so a tara ƙasa a ɗaga datsi a bakin rafi kafin ruwa ya sauka.

Matsalar ita ce ba domin Goɗiya aka yi farantin ba, babu inda zai kama a jikinta. Mai walda ya zo ya zagaya ta sau uku, ya sosa ƙeya, ya ce shi a ba shi zane kawai ya bi. To, mun yi maka wahalar makaranta shekara da shekaru, yau ga ranarta. Ka zana mana yadda za a ɗaura shi, ka rubuta awo dalla-dalla da rubutun da mutum zai iya karantawa, ba irin wanda kake yi mini ba. Ka san mahaifinka ya taɓa yi wa gabanta aiki shekarun baya.

Sai magana ɗaya game da matarka. Ba ta rage ni da komai ba, girki da ladabi duk ba ni da ƙorafi. Amma tun da farantin nan ya shigo, duk lokacin da na neme ta sai in same ta a rumfar tarakta da tef ɗin awo a hannu. Jiya na ga baƙin mai a gefen zanenta. Na san gidan ubanta gareji ne, a cikin sifana da noti ta girma, amma ba gareji aka kawo ta ba. Na sha faɗa, kuma zan maimaita: mace ba ta da harka da tarakta. Ka ja mata kunne a cikin amsarka.

Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka

*

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da fatan kin tashi lafiya. Tari ya tafi tuntuni. Gwiwar nan kuwa, da za ki ba mu aronta a nan, da mun sallami mai duba yanayi, domin ta fi shi faɗin gaskiya. A shafa mini kan yara.

Na yi sa'a na samu littafin irin taraktar a ofishinmu, har da hoton kowane ƙarfe na jikinta. Ga zane na haɗo, shafi biyu. Aikin ba shi da wuya. A can gaba, ƙarƙashin tankin ruwa, akwai babban ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. A jikinsa akwai ramuka huɗu na noti, biyu dama biyu hagu, kamfani ya bar su domin irin wannan aikin. Mai walda zai yi hannaye biyu masu kauri ya ɗaure su a ramukan, farantin ya rataya a kansu. Kwana biyu ya ishe shi.

Na ji daɗi da kika ce Baba ya taɓa yi wa gabanta aiki. Da ina ɗan shakkar ƙarfen saboda shekaru, amma yanzu hankalina ya kwanta. Duk inda hannun Baba ya taɓa, na san ya fi na kamfani ƙarfi.

Sai dai, Inna, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Goɗiya ta girme ni. Idan ta kasa wannan aikin, ko wani abu ya karye mata, kada a sake ɗaukar ɗawainiyarta. A kira masu sayen tsohon ƙarfe su tafi da ita, mu riƙa ɗauko taraktar haya kamar kowa. Na san ranki ba zai so ba, amma rumfa ba wurin ajiye tarihi ba ce.

Maman yara kuma, ki bar ta ta yi kallonta, ba ta ɓata komai. Sai dai ki gaya mata na ce a bi zanen yadda yake, kada a ƙara kada a rage. Ta tsaya a kan mai walda, na san halinsa, idan inci ya yi masa nisa sai ya ce ai duk ɗaya ne.

Ana gyaran gadar da ke hanyarmu, an ce direba zai riƙa jinkiri. Idan kika ji shiru, ba lafiya ce ta hana ba.

Ɗanki

*

Ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, gwiwa tana nan da maganarta. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, domin raina a ɓace yake.

Zanenka ya iso ranar Talata. Matarka ta shimfiɗa shi a kan tebur ta daɗe tana dubawa, har ta yaba, ta ce ko ubanta bai taɓa samun zane mai tsabta haka ba. Na ce a raina yau an zauna lafiya. Sai ta ɗauke shi ta nufi rumfa. Ta wanke gaban Goɗiya da kananzir, ta gwada ramukan, ta ce biyu sun yi daidai, biyu sun kauce da faɗin yatsa. Daga nan ta rufe ido tana shafa ƙarfen da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Can sai ta shiga kicin ta ɗauko wuƙata, wuƙata ta yankan albasa, ta kama kankare jan fentin da mahaifinka ya shafa da hannunsa.

Wai ta samu tabon walda a ƙarƙashi, daga rami na biyu ya gangara ƙasa, tsawon tafin hannu da rabi. Wai ƙarfen na zubi ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya. Wai nauyi zai ɗauka, duka ne ba zai ɗauka ba, kuma duk lokacin da farantin ya ci karo da dutse, a kan tabon nan dukan zai sauka. Ta ce littafinka ya san taraktar da ta fito daga kamfani, bai san wadda ke cikin rumfarmu ba. Ka ji fa. Shekara biyar kana karatu, ita da wuƙar albasa ta soke shi.

Ta tambaye ni ko na san yadda aka yi ƙarfen ya tsage. Na ce mata ni ba makanike ba ce, kuma ba a tone-tonen aikin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ta ce in yi haƙuri, ta sunkuyar da kai, amma ba ta bar rumfar ba.

Yanzu ta tara kwalayen sabulu tana yanka su tana liƙawa a ƙarƙashin tarakta, tana huda inda kowane noti zai shiga. So take a yi dogayen ƙarafa biyu su bi ta ƙarƙashi tun daga farantin har ƙarfen tayoyin baya, wai can ne ƙarfin Goɗiya yake, can ya kamata dukan ya tafi. Jiya ta sa Kawunka ya juya sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, tana kwance tana zana iyakar taya da alli. Ban ce ba ta iya ba. Na tsaya daga bakin ƙofa na ga kwalin ya zauna a wurinsa kamar an haife shi a can, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Kawunka, da yake ba ya rasa abin faɗa, ya ce da ita aka tura makaranta maimakonka, da ba a yi asarar kuɗin mota ba. Na ce ya kama bakinsa.

Iyawa daban, tarbiyya daban. Miji ya ce a bi zane, to a bi zane. Ka rubuto mata da kanka, da kakkausar murya, kuma ka ce ta mayar da fentin yadda ta same shi. Ba na son ganin wurin nan a buɗe.

Mahaifiyarka

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Yau mako uku babu amsarka. Na san gada ce, amma sanin bai hana ni leƙa hanya ba. Kowa lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka karanta ta a gaban abokan aikinka.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sau biyu yana watsewa. Da na ga lokaci na tafiya, ranar Asabar da safe na aika aka kira mai walda, na miƙa masa zanenka, na ce ya bi shi. Ya sauke injinsa, ya fara jan waya. Matarka tana tsaye da kwalayenta a hannu. Na zaci za ta yi gardama, har na shirya abin da zan mayar mata. Ba ta yi ba. Ta jingine kwalayen a bango, ta zo ta durƙusa a gabana ta ce:

"Inna, za a yi yadda kika ce. Roƙona biyu ne. Ranar gwaji ni zan hau, ba Kawu ba. Kuma ki riƙe mini yara a cikin gida."

Na tambaye ta dalili. Ta ce idan ƙarfen ya karye, tayoyin gaba za su buɗe, taraktar ta kifa da hanci, wanda ke kanta kuma ƙirjinsa ne zai haɗu da sitiyari. Ta ce Kawu ya manyanta, ita kuma ta san sautin da za ta saurara, wataƙila ta yi tsalle kafin taraktar ta kifa.

Na san sautin nan, Injiniya. Na taɓa jin sa. Na ce wa mai walda ya je ya sha shayi, na zauna a kan tsohuwar taya, na gaya mata abin da zan gaya maka yanzu.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Mahaifinka yana kwance da zazzaɓi, huɗa ta rage kaɗan a gonar ƙasa. Shi ya koya mini tuƙi tun muna sabon aure, kuma na iya, har na fi shi miƙe layi. Ya ce in bari ya tashi, domin ciyawa ta rufe gefen gonar. Ban ji ba. Na hau, na sa babbar giya don in gama kafin ya farka, na daki kututturen da ke ɓoye a cikin ciyawa. Na ji ƙarfen ya ce ƙas a ƙarƙashina. Da ya samu sauƙi ya je ya duba ƙarfen. Kwana uku yana gasa ƙarfen da gawayi, yana walda kaɗan-kaɗan, yana binne shi a yashi ya huce a hankali. Ya gama ya shafa fenti. Duk wanda ya tambaya sai ya ce gyaran shekara yake yi. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ko a cikin faɗa.

Daga ranar ban sake hawa ba. Daga ranar ne kuma na fara cewa mace ba ta da harka da tarakta. Na faɗa wa ƙannenka mata, na faɗa wa matarka, na faɗa har na manta inda na samo maganar. Da na rubuta maka cewa mahaifinka ya yi wa gabanta aiki, rabin gaskiya na ba ka, ina fata ka tambayi sauran. Ba ka tambaya ba, na ji daɗi, na yi shiru. Saura kaɗan shirun ya ɗora uwar 'ya'yanka a kan karyayyen ƙarfe.

Ka san abin da ta ce da na gama? Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Tambayata ta yi ta wane ɓangare kututturen ya daki taya, dama ko hagu, domin ta san inda tsagar ta nufa daga ciki. Na ce hagu. Ta kama yatsana ta ɗora a kan tabon, ta ce in ji yadda waldar ta kwanta ɗaya bayan ɗaya kamar ɗinki, ta ce ubanta yakan ce mutum ɗaya cikin ɗari ke iya yi wa ƙarfen zubi haka ya riƙe shekara biyu, balle ashirin. Ban taɓa taɓa wurin ba sai ranar.

Da mai walda ya dawo na karɓe zanenka na ba shi kwalaye. Kwana huɗu suka yi. Dogayen ƙarafan sun bi ta ƙarƙashi sun kama baya da noti takwas, kuma ba ta yarda a taɓa jikin Goɗiya da wuta ko sau ɗaya ba, duk a tsofaffin ramuka ta ɗaure. Ta ƙara faranti ƙarami a kowane gefe na tabon ya rungume shi. Wajen ɗaga babban farantin kuwa, ba a sayi komai ba. Hannayen baya da ke ɗaga garma ta ɗaura wa igiyar ƙarfe, ta bi da ita ta gefe zuwa gaba a kan ƙaramar taya mai juyawa. Ka ja sandar da mahaifinka ke ja ya ɗaga garma, sai farantin ya tashi a gaba. Ta ɗaura durom na yashi a baya don kada tayoyin baya su rasa riƙo. Sau biyu ta sa mai walda ya yanke abin da ya haɗa saboda ya kauce da rabin inci. Ya yi ta ƙunƙuni, amma da zai tafi ya roƙi kwalayen.

Jibi za a gwada. Ga zanenta na saka maka, a bayan naka ta yi shi.

Mahaifiyarka

*

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta wuƙar albasa yau ta iso, ta yi kwana goma sha shida a hanya. Ina rubutu a tsaye, direba yana jira.

Raina ya ɓaci da jin an ɓata miki rai. Ki karanta wa Maman yara wannan: na ce a bi zanena. Tabon walda ba abin tsoro ba ne idan Baba ne ya yi shi, kuma ramin da ya kauce da faɗin yatsa ana iya faɗaɗa shi. Dogayen ƙarafan da take so ɓata lokaci ne, ruwa ba zai jira ta ba. Aikin gareji daban, lissafi daban. Ta mayar da fentin, ta ba ki haƙuri. Idan kuma ba za a bi zanen ba, a bar aikin gaba ɗaya, in na dawo a sayar da Goɗiya a huta.

Ɗanki

*

Inna,

Ina gaishe ki. Ban san ta inda zan fara ba. Direba yana tafiya da waccan takardar, sai wata mota ta kawo mini taki mai labarin ranar Asabar. Da zan iya bin motar da ƙafa in karɓo tawa, da na yi. Idan ta riga wannan isowa, a sa ta a murhu.

Na tuna kwana ukun nan. Ina ɗan shekara tara, Baba ya hana mu zuwa rumfa, ya ce Goɗiya mura take yi, yana gasa mata jiki. Na tuna kuma a makon nan kin yi ta ba shi nama mafi girma.

Na zauna da zanen Maman yara na yi lissafinsa sau biyu, ina neman kuskure, kuma ban ɓoye miki ba, so nake in samu. Babu. Na yi lissafin nawa da tsagar a ciki. Ba zan rubuta miki abin da ya fito ba. Laifina ne da na zana wa tarakta hannaye ban sa an duba ta ba. A nan wurin aiki, wanda ya yi haka korarsa ake yi.

Ki gaya mata zan rubuto mata tata daban. Kuma don Allah a sanar da ni yadda gwajin ya kasance. Ba na iya cin abinci.

Ɗanki

*

Ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, har da wadda kake tambaya. Ka ci abinci.

Takardunka biyu a hannu ɗaya suka iso. Ban sa ta farko a murhu ba. Ka ce in karanta wa matarka, na karanta mata, da irin muryar da ka so, muna zaune a inuwar Goɗiya. Da na kai wurin da ka ce aikin gareji daban lissafi daban, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Kawunka ya roƙi a ba shi ya ajiye, na hana. Ni zan ajiye ta kusa da tawa ta wuƙar albasa idan ka dawo da ita, domin uwa da ɗa ne suka rubuta su.

Ranar gwaji matarka ce ta hau, ko da yake yanzu babu dalili. Kafin ta tayar, ta ja layin alli a kan tabon daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce idan ƙarfen ya motsa ko kaɗan layin zai rabu. Ta sauke farantin a hankali, ta sa giya ta ɗaya. Goɗiya ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, ta sunkuya, ƙasa ta fara naɗewa a gabanta kamar tabarma. A zagaye na shida farantin ya ci karo da dutse. Na ji ƙarar har cikin haƙorana, na rufe ido. Da na buɗe, ta riga ta sauko tana duba allin. Ta ɗago ta yi mini alama da hannu in zo. Layin yana nan ɗaya, bai rabu ba.

Kwana biyar ita da Kawunka suna karɓa-karɓa. Datsin ya kai ƙugun mutum, daga bishiyar kan kwana har bakin hanya. Ba ta tura ƙasa da yawa a lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan take yi, ta bi ta kai da taya ta danne, sannan ta ƙara. Maƙwabtanmu na gonar sama sun zo sun tsaya suna kallo, har ɗaya ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi ya tambayi kamfanin da ya yi ƙarafan. Na ce masa 'yata ce ta yi.

Ranar ƙarshe, saura 'yar tazara a rufe, sai ta tsayar da injin ta sauko. Ta ce, "Inna, an ce kin fi Baba miƙe layi. Ni ban gani ba." Na ce mata gwiwata. Ta ce kuloci na hagu ne, amma mai laushi ne, ita ta gyara shi. Kawunka ya juya baya yana duban sama kamar ya ga wani abu. Na hau. Giya ta ɗaya na sa, kuma a ita na tsaya. Hannuna bai manta ba. Ka zo ka duba ƙarshen datsin da idonka na injiniya ka gaya mini in ya karkace.

Ruwa ya sauka ranar Laraba, ya kwana biyu yana zuba. Rafi ya cika ya yi ja, ya zo ya jingina da datsin, ya wuce abinsa. Gonar ƙasa tana nan, har shuka ta fito. Maganar masu sayen tsohon ƙarfe kuma kada in sake jin ta.

Matarka ta tambaye ni ko ta mayar da fentin yanzu. Na ce a'a. Giris kawai ta shafa don tsatsa, tabon yana nan a fili, duk wanda ya shiga rumfa zai gan shi, kuma duk wanda ya tambaya ni zan ba shi amsa. Maganar da na shekara ashirin ina yi a kan mace da tarakta na janye ta, na kuma rubuta wa ƙannenka na gaya musu.

Ga dokar da na kafa, na faɗe ta a gaban kowa bayan cin abinci, kai ma ta hau kanka tun daga can. A gidan nan, wanda ya karya abu zai faɗa da bakinsa kafin rana ta faɗi, babba ne ko yaro. Kuma ba za a shafa wa gyara fenti ba sai duk wanda zai yi aiki da abin ya gan shi ya taɓa shi da yatsa. Wanda ya ɓoye, shi zai wanke Goɗiya har ƙarshen damina. Bana ni ke wanke ta.

Mahaifiyarka